Tsiron da Bai San Ƙasa Ba

Shekara talatin da biyar ya yi yana aiki da ƙasa. Ya auna ta, ya niƙa ta, ya tankaɗe ta, ya kaɗa ta da ruwa a kwalba ya zauna jiran yashi ya kwanta, laka ta biyo baya. Idan ya ɗebi ƙasar gona ya murza tsakanin yatsunsa, yakan faɗi abin da ta rasa tun kafin a kai ta ɗakin gwaji, kuma ba safai sakamakon ke ƙaryata shi ba. Ya koya wa malaman gona masu yawa cewa ƙasar arewacin Najeriya mayunwaciya ce, ba ta da isasshen ruɓaɓɓen ganye a cikinta, kullum tana kukan naitirojin da fosfaras, kuma duk abin da tsiro zai zama, daga ƙarƙashi yake somawa. Saboda haka ranar da babbar ƴarsa ta ɗora masa wasu abubuwa biyu masu kama da kan abarba a tafin hannu, ta ce, "Baba, waɗannan ba sa buƙatar ƙasa ko kaɗan," sai ya ɗauka ko dai na roba ne, ko kuwa an cuce ta a Abuja.

Ba na roba ba ne. Kowannensu bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ganyayensa sirara masu tsini sun taru sun yi curi, launinsu kore ne da aka yi wa barbaɗen toka. A gindin akwai ƴan zaruruwa busassu masu tauri kamar waya, waɗanda da ƙyar za a kira su saiwa. Mai sayar da furannin ya rubuta mata sunan a ƴar takarda: Tillandsia ionantha. Ya ce tsiron iska ake ce musu, a jiƙa su sau ɗaya a mako, shi ke nan.

Tsohon ya gane dalilin kyautar, kuma bai ji daɗinsa ba. Yana da lambu a hanyar Birnin Gwari, mangwaro da gwaiba da lemo, yawancinsu shi ya yi musu aure da hannunsa tun yana bakin aiki, da niyyar idan ya yi ritaya can zai ƙarasa kwanakinsa. Da hanyar ta koma ta masu garkuwa da mutane, ƴaƴansa suka haɗa baki suka hana shi zuwa. Bayan shekara biyu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi ya sake shi, amma ya bar masa hannun hagu da nauyi. Aka ɗauko shi da Hajiya aka kawo su gidan ɗansa a cikin Kaduna, hawa na biyu a wani bene, inda ko a tsakar gida babu wurin soka tsinke, don an shafe ko'ina da siminti. Tsoho da aka tumɓuke, tsiro marar ƙasa: lissafin ƴar tasa a fili yake, shi kuwa mutum ne da ba ya son a yi masa wa'azi da kyauta. Ya ce, "Allah ya yi albarka, Uwata," domin sunan mahaifiyarsa gare ta. Ya ajiye su a bakin taga, ya yi kwana uku bai waiwaye su ba.

Akwai kuma zargi. A duk sanin da ya yi wa tsirrai, wanda bai dogara da ƙasa ba, to da wani ya dogara. Ya yi rabin rayuwarsa yana yaƙi da ƙuduji, wanda ke maƙale wa saiwar dawa da gero da masara ya tsotse su a ɓoye, ta yadda kafin manomi ya ga furensa ya fito ɓarna ta riga ta auku. Ya san kauci, wanda tsuntsu ke goga irinsa mai danƙo a jikin reshe, ya huda ɓawo, ya kafa bakinsa a jijiyar ruwan bishiya. Da ya karanta cewa wannan baƙon a kan rassan bishiyoyi yake zama a Meziko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya, sai ya ce a ransa, kaucin wata ƙasa ne kawai.

Kuskure ne, kuma kusan kowa yana yin sa. Kauci ɓarawo ne. Tilansiya kuwa baƙo ne da ya roƙi wurin zama, bai taɓa leƙa tukunyar masu gida ba. Saiwarsa ba ta huda komai; aikinta riƙo ne, kamar ƙugiya. Shi ya sa wani ɗan'uwansa, Tillandsia recurvata, yake yin curi-curi a kan wayoyin lantarki a garuruwan Latin Amurka, inda babu ɗigon ruwan bishiya da zai sata. Wani kuma, Tillandsia landbeckii, yana kwance a kan rairayin hamadar Atakama ta ƙasar Cile ba tare da ya kafa saiwa ba, yana rayuwa da hazon da ke tasowa daga tekun Fasifik. Iyakar laifin da za a iya ɗora wa danginsa shi ne idan sun yi yawa a kan bishiya sukan tare mata haske, su yi wa reshe nauyi.

Gilashin ƙara girma ne ya sasanta su. Yana da shi tun zamanin aiki, wanda yake duba ƙwayar yashi da shi. A rana ta huɗu, don rashin abin yi, ya kanga shi a kan ganye ɗaya, sai ya ga ashe tokar nan dubban ƙananan faya-fayai ce, kowane faifai a bisa gajeren wuya, bakinsa a ɗage, sun hau juna kamar ɓawon kifi. Ya tsoma tsinke a ruwa ya ɗiga. Nan take bakunan faya-fayan suka kwanta, ɗigon ya bazu a ƙarƙashinsu ya ɓace, wurin ya koma kore shar. Ya maimaita har sau biyar.

Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayoyin halittar da ke saman kowane faifai matattu ne, fanko. Idan ruwa ya same su sai su cika su kumbura, ruwan ya bi ta rayayyun ƙwayoyin da ke wuyan ya gangara cikin ganye. Idan sun bushe sai su lotsa su rufe hanyar kamar murfi, abin da ya shiga ba zai koma ta inda ya shigo ba, bakunan da suka ɗago kuma su riƙa mayar da hasken rana, wanda shi ne wannan fari-farin da ido ke gani. Duk aikin da saiwa ke yi wa sauran tsirrai, ganye ne ke yin sa a nan. Abincinsa kuwa shi ne abin da ruwan sama ya wanko daga saman bishiya: ƙura, kashin tsuntsu, romon ruɓaɓɓen ganye.

Kalmar ƙura ce ta tsayar da shi. Ya san cewa ƙurar hunturun da ke rufe Kano da Kaduna, babban kasonta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, kuma ya sha gaya wa ɗalibai cewa taki ce da iska ke raba wa gonaki kyauta. Ya san kuma ƙurar Sahara tana haye tekun Atilantika. Wani bincike na masanan hukumar NASA a 2015 ya ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 27 nata ke sauka a yankin Amazon kowace shekara, ɗauke da fosfaras wajen tan 22,000. Ke nan akwai dangin wannan tsiron da suka daɗe suna cin ƙasar Afirka daga kan reshe. Ya ajiye gilashin ya ce, "Hajiya, ashe yana da ƙasa. A sama take." Ta dube shi, ta ci gaba da tsinar shinkafarta.

Daga nan ya shiga bin asalinsa kamar mai binciken dangin surukai. Dangin abarba ne, shi ya sa kamar ta yi yawa. Irinsu sun kai wajen 650, daga kudancin Amurka har Ajantina. Carl Linnaeus, masanin tsirrai na Suwidin, shi ya tabbatar musu da sunan a littafinsa na 1753, don tunawa da Elias Tillandz, malamin likitanci a Turku ta ƙasar Finlan, wanda ya rasu a 1693. Ana ba da labarin cewa jirgin ruwa ya taɓa wahalar da mutumin nan ƙwarai, har da zai koma gida ya gwammace ya zagaye teku ta tudu, tafiyar da ta ninka ta ruwa sau da yawa. Sai aka ga ya dace a sa sunansa ga tsiron da ake zaton shi ma ba ya son ruwa. Wannan zaton ya kashe tilansiya da yawa a ɗakunan mutane. Shi wannan ƙaramin, wani Bafaranshe mai suna Jules Émile Planchon ne ya bayyana shi a 1855, kuma ionantha a harshen Girka na nufin mai fure shuɗi-shuɗi mai ratsin ja. Abin da ya fi burge tsohon shi ne, a duk zuriyar abarba, mai dubban iri, guda ɗaya tak ce ƴar asalin Afirka: Pitcairnia feliciana, wadda ke maƙale a jikin duwatsun yankin Futa Jalon na ƙasar Gini, kuma masana na ganin kakanninta sun haye teku ne wajen shekara miliyan 10 da suka wuce. Ita kanta abarbar da ake yankawa a bakin titi baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, ta dai daɗe ne har an manta.

* * *

Na farko ya mutu a watan Agusta, kuma ƙauna ce ta kashe shi.

Tsohon ya bi umarnin mai sayarwa, har ya ƙara da nasa. Yakan tsoma su a kwanon ruwan sama bayan la'asar, ya bar su rabin awa, ya tsame. Ɗaya yakan kwantar da shi a kan ƙarfen taga. Ɗayan, wanda ya fi kyau, ya samo masa ɗan finjalin shayi ya zaunar da shi a tsaye, kai sama, don ya fi kyan gani. Abin da bai sani ba shi ne, Hajiya ma tana jin tausayinsu. Ba ta taɓa yarda cewa akwai abu mai rai da zai ƙoshi da ruwan mako-mako ba, don haka duk sanda ta idar da alwala takan yarfa musu sauran ruwan hannunta. Ta fi yarfa wa na finjalin, shi ne kusa da ƙofa.

Wata safiya ya ga gindinsa ya yi duhu. Ya kama ganyen tsakiya da yatsa biyu, bai ko ja ba, ganyen ya biyo shi, sauran suka warwatse a hannunsa, wani ɗan wari na tashi. Daga waje tsiron lafiya lau yake har jiya. Daga ciki ya kwana biyu da ruɓewa.

Dalilin yana cikin surarsa. A daji ba kasafai yake zama a miƙe ba: yakan karkata, ko ya rataya kai ƙasa, ruwa ya zo ya wuce, iska ta busar da shi cikin ƴan awoyi. A finjali kuwa ruwan da ya gangara tsakanin ganyaye ba shi da mafita, ga laimar Agusta da ko wanki ba ya bushewa. Sannan akwai maganar lokaci. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙananan ƙofofin numfashinsu su shaƙi iskar kabon. Tilansiya, kamar abarba, ya juya tsarin don tattalin ruwa: da rana ƙofofinsa a rufe suke, sai dare ya yi sanyi ya buɗe, ya tara iskar a cikin wani sinadari mai tsami irin wanda ke cikin tuffa, gari ya waye ya yi aiki da ita a hasken rana. Idan dare ya same shi a jiƙe, faya-fayan nan suna kwance a kan ƙofofin da shimfiɗar ruwa, numfashin ya toshe. Wanda ke jiƙa shi da yamma kullum, yana ba shi ruwa ne yana toshe masa hanci. Wannan tsarin ne kuma ya sa girmansa ke da nawa ƙwarai. Mai son ya ga sabon ganye kowane mako gara ya shuka alayyafo.

Da gaskiya ta fito, babu wanda ya ɗaga murya. Hajiya ta ce, "Malam, ni fa na ga kamar ƙishirwa yake ji." Ya ce, "Ni ne na sa shi a finjali." Aka tsayar da doka: ruwa da safe kawai, daga hannu ɗaya. Bayan jiƙo a kama shi ta gindi a girgiza a hankali, a kife shi a kan rariya kusa da fanka, kuma kafin awa huɗu ya zama ya koma launin tokarsa. Girgizawar nan da hannun hagu yake yin ta, domin likitan gashi ya ce ya riƙa sa hannun aiki, kuma wannan ne aikin farko da bai ji kunyar yi a gaban mutane ba.

Da ya tashi rataye wanda ya rage, ɗansa ya kawo masa guntun wayar lantarki da aka feɗe. Ya mayar masa. Jan ƙarfe guba ne ga waɗannan tsirrai. Wanda duk ya san maganin feshin da ake kashe cutar fumfuna da shi a gonar koko ya san ƙarfinsa, ganyen da aka halitta don ya tsotse duk abin da ya taɓa shi kuwa ba shi da hanyar tacewa. Ya ɗaure shi da zaren kamun kifi a jikin wani busasshen reshe, a karkace, a tagar gabas, inda rana ke shiga da sanyin safiya ta janye kafin ta yi zafi.

Sai hunturu ya zo da kishiyar matsalar. A Kaduna laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da tsakar rana a watan Janairu, lokacin da leɓe ke tsagewa, ƙofar katako ke sakin jiki. Ƙasar asalin tsiron ma tana da rani mai tsawo, amma daren can yakan zo da raɓa ko hazo mai ruwa. Hazon hunturu busasshe ne. Cikin mako biyu ganyayen suka nannaɗe kamar ganyen masara a fari, tsininsu ya ƙone, ƙura ta kwanta a kansu har gilashi ba ya nuna faya-fayan sosai. Ƙurar da ya yaba a matsayin abinci, da ta yi yawa babu ruwan da zai narkar da ita, sai ta zama bargo.

A nan ne ya gane rashin amfanin dokar sau ɗaya a mako. Doka ce da aka tsara don ɗakunan wata ƙasa. Abin dubawa shi ne ganyen: idan ya buɗe ya yi tauri, ya ƙoshi, idan gefensa ya naɗe ciki ya yi kwari, yana kira. Ya koma jiƙo sau uku a mako, yana kaɗa shi a cikin ruwan don ƙura ta fita, sau ɗaya kuma da abin ya tsananta ya bar shi awa uku a kwano tun daga asuba. Feshi da ƴar kwalba, wanda masu sayarwa ke so saboda yana da kyan gani, a irin wannan iska ba ya wuce shafa wa mai ƙishirwa ruwa a goshi.

Ruwan kansa ya zama magana. Na saman da ya tara a robobi biyu ya ƙare tun Disamba. Ya ɗiga na burtsatsen gidan a kan gilashi ya bar shi ya bushe, ya ga farin zobe. Abin da ya bari a gilashi shi zai bari a kan faya-fayan, a hankali ya toshe su. Na famfo, in ya zo, sai ya kwana a buɗe warin maganinsa ya fita. Da shi ya lallaɓa. Dabarar da ta fi taimakawa kuwa daga Hajiya ta fito, kamar mai biyan diyya. Tana da randar da ta ƙi rabuwa da ita duk da firjin da ke gidan, tana nan a lungun baranda a kan yashi. Ta ce a mayar da shi can. Jikin randa kullum yana tsattsafo, iskar da ke kewaye da ita ta fi ta sauran gidan laima da sanyi. Ya rataye reshen a bango, taƙi biyu sama da murfinta. Naɗewar ganyen ta ragu.

A tsakiyar Fabrairu ganyayen tsakiya suka soma ja. Ya ɗauka ƙunar rana ce, ya matsar da shi. Jan ya ƙaru, ya bazu, har tsiron gaba ɗaya ya koma kamar garwashi. Jikarsa, ƴar shekara shida, ita ta fara ganin abin da ya biyo baya. Ta shigo da gudu ta ce, "Kaka, abinka ya fito da harshe!" Ya ce, "Amarya, ba dai kin taɓa shi ba?" Daga tsakiyar curin wani siririn bututu ya leƙo, launin shuɗi mai ratsin ja, tsinin bakinsa ɗauke da ƴan ƙullutai rawaya. Bayan kwana biyu na biyu ya fito, sannan na uku. Kowanne kwanaki kaɗan ya yi ya yanƙwane.

Jan nan kira ne. A Meziko akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu dogon baki da ke tsayawa cak a iska suna kaɗa fukafukai da saurin da ido ba ya bi, suna zuƙar zumar fure. Irinsu sun haura 300, kuma babu ko ɗaya a wajen nahiyoyin Amurka. Ja ne launin da ke jawo su, bututun kuma an yi shi daidai bakinsu. Su ke ɗaukar ƙurar fure daga wannan tsiro zuwa wancan. Tsuntsun da ke irin wannan aiki a ƙasar Hausa shi ne sha-kauci, wanda sunansa ma ya faɗi furen da ya saba da shi. Tsohon ya yi kwana biyar yana zama a baranda da safe ko wani zai ratso. Babu wanda ya hau bene.

Ya riga ya karanta abin da furen ke nufi. Sau ɗaya tilansiya ke fure a rayuwarsa. Daga nan tsakiyarsa ta daina fitar da sabon ganye, jan ya koɗe, sauran ƙarfinsa ya koma ga ƴaƴan da za su tsiro daga gindinsa, shi kuma ya yi ta ja da baya har shekara ɗaya ko biyu. Masu gonar abarba sun daɗe da sanin yadda ake tilasta wa wannan dangi fure, ta hanyar zuba ruwan kabayid, irin na masu walda, a tsakiyar tsiro. Masu kiwon tilansiya don kasuwa ma suna da sinadarin da ke yin wannan aiki, domin ja ya fi kore saurin sayuwa. Wasu ma fenti kawai suke fesa masa. Wanda ya sayi tilansiya ja a shago, sau da yawa ya sayi wanda ya riga ya kama hanyar tsufa ne, kuma ba za a gaya masa ba. Kasuwar tana da tarihin da ya fi wannan muni: yadda aka riƙa kwasar su daga dazuzzukan Gwatamala da maƙwabtanta ana kai wa Turai ya sa a 1992 aka saka iri bakwai a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Uku na nan a jerin har yanzu, ciki har da babban nan mai kama da rawani, Tillandsia xerographica. Ionantha ba ya ciki; yana da saurin ƴaƴa, kuma a gonakin kiwo ake samar da yawancin na kasuwa.

A makon da furen ƙarshe ya faɗi ne aka kira shi daga ƙauye. Maƙwabcin lambunsa ne, wanda ya koma bayan an ɗan samu sauƙi. Bayan doguwar gaisuwa da jajen juna, ya ce, "Ranka ya daɗe, mangwaron nan fa kauci ya cinye su. Na bakin rafi guda uku sun bushe daga sama." Ya ƙara da cewa akwai wani mai son sayen wurin. Kuɗin da ya ambata bai kai na shingen da aka kewaye lambun da shi ba.

Tsohon ya yi shiru har mutumin ya ce, "Kana ji na?" Ya ce yana ji. Sannan ya shiga yi masa bayani dalla-dalla, da muryar da ya saba koyarwa da ita: kada a tsinke kaucin kawai, zai dawo, domin bakinsa yana cikin itacen, a nemi kumburin da ya kafu, a ja baya kamu guda zuwa wajen gangar jiki, a sare reshen a nan, a yi shi yanzu kafin ya yi ƴaƴa tsuntsaye su raba wa sauran bishiyoyin. Ya ce ya kula da wurin, abin da ya samu na bana nasa ne, na baɗi su raba. Maganar sayarwa kuwa bai amsa ba, mutumin ma bai sake tayar da ita ba. Da ya ajiye wayar hannunsa na hagu na rawa. Hajiya ta ga haka, ba ta ce komai ba, ta miƙo masa kwanon jiƙo, ko da yake ba ranar ruwa ba ce. Ya karɓa ya ajiye a gefe.

Ƴaƴan sun leƙo a watan Afrilu, biyu, kowanne kamar ƙwayar shinkafa mai tsini, a ɓoye tsakanin ganyayen ƙasa. Zafin bazara ya sa ya janye reshen daga taga gaba ɗaya zuwa inuwar randa. Da damina ta sauka ya bar ruwan farko da na biyu suka wuce, don su wanke ƙurar rufi, ya tari na uku. Ya rage jiƙo zuwa sau ɗaya a mako, a Agusta ma wani lokacin sai kwana goma. Sau ɗaya a wata yakan narka ɗan takin furanni a ruwan, rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwalba.

Ana iya barin ƴaƴa a jikin uwa su yi ta haihuwa har su zama dunƙule kamar ƙwallo, haka suke a daji, kuma haka ya fi musu sauƙi. Ana iya kuma raba su idan sun kai sulusi ko rabin girmanta. Ya bar ɗaya. Ɗayan, a farkon Oktoba, ya riƙe uwar da hannun dama, ya kama ɗan ta gindi da na hagu, ya murɗa a hankali har ya ji ya saki. Ya bar shi kwana biyu wurin rabuwar ya bushe kafin ya taɓa ruwa. Da ƴarsa ta zo daga Abuja ya naɗe shi a takarda ya ba ta, tare da wata takardar da ya cika da rubutu gaba da baya. Ta karanta layin farko, ta yi dariya: an hana finjali.

A wannan makon ne ya aiki ɗansa ya sayo jarkoki huɗu sababbi masu cin lita 25, waɗanda ba a taɓa zuba mai a ciki ba. Ɗan ya tambayi na mene ne. Ya nuna masa lissafin a bayan ambulan: lita ɗaya a kowane jiƙo, sau uku a mako, mako 26 daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu, lita 78, sauran kuma don ko ruwa ya yi jinkiri. Ɗan ya tuna cewa bara war haka mahaifinsa ya rantse ba zai sake yin wani hunturun a wannan benen ba. Bai tuna masa ba. Da hadarin yamma ya haɗo, ya sauka da jarkokin ya jera su a ƙarƙashin indararo, tsohon na leƙe daga baranda yana ce masa ya bar na farkon ya zube tukuna.